Lita Ba Kilo Ba Ce: Darasin da Ɗan Kasuwa Zai Iya Koya wa Ɗansa

Mu 'yan kasuwa mazauna ƙasashen mutane muna da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai biya kuɗin makarantar ɗansa ba gardama, ya sayi littattafai da jaka da takalmi, amma ranar da yaron ya buɗe littafi a gabansa sai ya kau da kai ya ce, "Je ka wurin yayanka, ni ban yi boko ba." A nan Lome abin ya fi tsanani, domin karatun da Faransanci ake yi, mu kuwa Faransancinmu na ciniki ne, iyakarsa gaisuwa da taya kaya. A hankali yaro yana girma da tunanin cewa ilimi yana lakwal, ubansa kuwa kuɗi kawai ya sani. Wallahi wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Ni ma ban zauna a aji ba. Allo na yi, sai yaƙi da jahilci da na ɗan taɓa da na girma, sauran kuma na tsinta a jaridu da littattafan yarana. Amma na yi shekaru fiye da talatin tsakanin yadi da man girki, kuma ina da tabbacin cewa akwai darasi ɗaya a kimiyyar yaranmu da muka fi su iyawa nesa ba kusa ba. Darasin nan shi ne canjin ma'auni: mayar da santimita mita, mayar da lita mita kubik, da gano nauyin abu daga girmansa.

Ku duba abin da muke yi daga safe zuwa dare. Mai saye ya ce faran 100, bakinmu ya ce dala ashirin, domin dala ɗaya faran biyar ce. Ya ce faran 1000, mu ce jika. Wanda yake tsallaka Aflawo ya shiga Gana yana juya sefa zuwa sidi tun kafin ya gama gaisawa da masu canji. Tun 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sabo guda, amma har gobe akwai dattawan da suke faɗin farashi da tsohon lissafi, kuma ba mu taɓa ruɗewa ba. A kasuwar Asigame falle yadi biyu ne, turmi yadi shida, cikakken ɗauri yadi goma sha biyu. Tela kuma da santimita yake awo, alhali yadi ɗaya santimita 91.44 ne, ka ga turmi bai cika mita biyar da rabi ba, ya gaza da ɗan kaɗan. Kakanninmu ma haka suke, rijiya da gaba ake auna ta, sawaye da kamu, ƙaramin abu da taƙi. To mutumin da yake wannan duka a ka, ba biro ba takarda, yaya za a yi ya ce bai san canjin ma'auni ba?

Ina da ɗiya mai shirin jarrabawar BEPC. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake kiranta. Wani dare bayan isha'i tana bitar kimiyya a kan tabarma, ni kuma ina gefe ina duba littafin bashi, sai na ji ta yi tsaki. Na ce, "Uwata, lafiya?" Ta ce, "Baba, lissafi ne, ba za ka gane ba." Na ce ta dai fassara mini da Hausa.

Ga abin da aka tambaye ta. An ce ƙarfe yana da nauyin giram 7.8 a kowane santimita kubik, ana so ta faɗi kilo nawa ke cikin mita kubik ɗaya. Ta raba da dubu domin giram ya koma kilo, wannan daidai ne. Sannan ta ninka da ɗari, tunda mita ɗaya santimita ɗari ce. Amsar da ta samu ita ce 0.78.

Ban kalli takardar ba. Na tambaye ta, "Mita kubik ɗin nan, nuna mini girmansa da hannu." Ta yi shiru. Na miƙe na nuna mata: tsawo taki babba guda, faɗi haka, tsayi ya kai mini ƙugu. Na ce, "Ki ɗauka akwati ne mai wannan girma, ƙarfe zalla ciki da waje. Ke kina cewa bai kai nauyin kilo ɗaya na sukari ba? Ashe da autanmu zai ɗauke shi da hannu ɗaya ya kai wa maƙeri." Ta fashe da dariya har uwarta ta leƙo daga ɗaki. Daga baya da muka duba littafin nata, muka ga iskar da muke shaƙa tana da kusan kilo 1.2 a mita kubik. Wato ƙarfen Uwata ya fi iska rashin nauyi, da sai an ɗaure shi da igiya kada ya tashi sama.

Inda yara suke faɗuwa ke nan, kuma ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. A lakwal ana zana musu jadawali mai gidaje. In tsawo ne, kowane ma'auni gida ɗaya. In fili ne, gida biyu. In girman ciki ne, gida uku. Suna haddacewa, amma da yawa ba su san dalilin ukun ba, shi ya sa in jarrabawa ta yi zafi sai gidajen su rikice. Duk wanda ya taɓa loda mota kuwa ya san dalilin. In za ka san katan nawa tirela za ta ci, sai ka ƙirga nawa ke shiga a tsawo, nawa a faɗi, nawa za a ɗora sama, sannan ka ninka su. Goma a tsawo, goma a faɗi, goma a sama, katan dubu ke nan, ba talatin ba.

Haka na yi mata da ɗan ludo, wanda girmansa bai wuce santimita ɗaya ta kowane gefe da yawa ba. Na ce ta jera su a tsawon mita guda, ɗari za su shiga. Ta shimfiɗa irin wannan layi har ya rufe ƙasan akwatin, layi ɗari, 10,000 ke nan. Ta ɗora shimfiɗa kan shimfiɗa har sama, hawa ɗari, sai ga 1,000,000. Saboda haka mita kubik ɗaya santimita kubik miliyan ɗaya ne. In kowane ɗaya giram 7.8 ne, duka sun zama giram 7,800,000, wato kilo 7,800. Na ce mata buhun siminti 156 ke nan, mai kilo hamsin-hamsin. Ta ce, "To, yanzu ya yi kama da ƙarfe."

Daga nan akwai gajerar hanya da ya kamata kowane yaro ya riƙe. Daga giram a santimita kubik zuwa kilo a mita kubik, a ninka da dubu. In za a dawo, a raba da dubu. Dalili kuwa shi ne an ninka da miliyan saboda girma, an raba da dubu saboda nauyi, abin da ya rage dubu. Wani sauƙin kuma, lita ɗaya santimita kubik dubu ce, wato ɗan akwati mai santimita goma ta kowane gefe, mita kubik kuma lita dubu. Don haka giram a santimita kubik da kilo a lita lamba ɗaya ce, ba ta canzawa. In littafi ya ce mai 0.92 ne, ɗan kasuwa ya ji cewa lita ɗaya giram 920 ce.

Wannan abu da masu Turanci suke kira densiti, ni nauyin lita nake ce masa, kuma da shi nake cin abinci. Jarka ko bidon mai lita 25 in ruwa ne a ciki kilo 25 ne, ban da nauyin robar. In man gyaɗa ne, kusan kilo 23. In fetur ne bai kai kilo 19 ba, domin litarsa ba ta wuce giram 750 da wani abin kirki ba. In kuwa zuma ce, sai mutum ya nemi mai taya shi ɗauka, kilo 35 ne ko kusa da haka, tunda litar zuma wajen kilo 1.4 take. Jarka ɗaya, nauyi huɗu. Ɗan dako a tasha ya san wannan da wuyansa tun kafin a rubuta shi a allo.

Ga inda kuɗi yake shiga maganar. Manyan dillalai da tan suke sayar da mai, mu kuma da lita muke sayarwa. Tan ɗaya kilo dubu ne. In ka raba dubu da 0.92, za ka samu kusan lita 1,087, wato jarka 43 da kusan rabi. Na san wani yaro ɗan garinmu da ya shigo harkar mai da jarin gadon ubansa. Wanda ya haɗa shi da kaya ya ce masa tan ɗaya jarka arba'in ne, ai lita dubu kilo dubu ne. Yaron ya yarda, saboda maganar ta yi daɗin ji kuma a kan ruwa gaskiya ce. A kowane tan ana cinye masa jarka uku da rabi, yana ta mamakin yadda yake ciniki amma jari ba ya motsi. Sai da wani dattijo a layinmu ya ɗora jarka a sikeli a gabansa, sannan ya gane inda rami yake. Lissafin da zai cece shi yana cikin littafin ƙaninsa na kwaleji.

Masu sauke kaya daga Gwanzu su ma sun san zafin abin. Kamfanin jigila ba ya tambayarka katan nawa, CBM yake tambaya, kuma CBM ɗin nan ba komai ba ne illa mita kubik ɗin da ke cikin aikin gidan yaranmu. Katan mai santimita 60 da 40 da 50, in ka ninka, 120,000 ne. Raba da miliyan, ka samu 0.12. Katan hamsin sun zama CBM shida. Kwantena mai ƙafa ashirin cikinta wajen mita kubik 33 ne, kodayake ba a taɓa cika ta taf, dole a bar gurabe. In ta jirgin sama ne, sai su auna girman katan su raba da 6,000, wasu kamfanonin aika saƙo da 5,000, su kwatanta da nauyinsa na sikeli, wanda ya fi yawa shi za ka biya. Katan ɗin nan namu in silifa ne a ciki mai kilo tara, kuɗin kilo ashirin za a karɓa. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta rantsuwa an cuce shi. Wanda ya sani kuwa tun a can zai sa a matse kayan a ƙaramin katan.

Akwai tarko biyu da suka shafi yaranmu musamman, mu da iyalanmu suke warwatse tsakanin ƙasashen Faransanci da na Turanci. Na farko waƙafi da ɗigo. A Togo, Benin, Nijar da Chadi, yaro zai rubuta 0,92 da waƙafi. A Gana da Najeriya 0.92 ake rubutawa da ɗigo, waƙafi kuma na raba dubbai ne, kuma da irin nasu nake rubuta wannan maƙala. Ke nan in an rubuta 1,250 a gaban kilo, ɗan Lome zai karanta kilo ɗaya da kwata, ɗan Kumasi ya karanta kilo dubu da ɗari biyu da hamsin. Yaron da aka ɗauko daga Maraɗi aka kai Kano, ko daga Akara aka kawo nan, zai iya yin wata guda yana faɗuwa a lissafi, malami yana ganin daƙiƙi ne, alhali ɗigo ne kawai ya juye masa. Duk uban da zai sauya wa ɗansa ƙasa, ya zaunar da shi ya nuna masa wannan tun kafin a kai shi aji.

Na biyu sunan abin kansa. Abin da Turanci yake kira densiti, wato nauyi a kan girma mai ɗauke da ma'auni, a Faransanci masse volumique ne. Kalmar densité ta Faransanci kuwa wani abu ne daban, kwatanci ne da ruwa, lamba ce tsirara ba kilo ba lita a bayanta. Ɗan ƙanena da ke karatu a Gana da ɗiyata sukan tura wa juna aikin gida ta WhatsApp, kuma sun taɓa yin musu mai zafi a kan ko za a rubuta ma'auni a bayan amsa ko ba za a rubuta ba. Kowannensu yana da gaskiya a ajinsa. Yanzu da yara suke neman amsa a intanet da harshe biyu, wannan ruɗani zai ƙaru, kuma maki ake yankewa a kansa.

Wani zai ce me ya sa ruwa ya faɗo daidai a kan ɗaya, lita guda kilo guda? Da gangan aka yi. A Faransa aka ƙirƙiro wannan tsari bayan juyin juya halinsu, aka yi masa doka a 1795, lokacin da kowane gari yake da nasa mudu kamar yadda tiyar Maraɗi da mudun wani gari ba su cika zama ɗaya ba. Suka ɗauko mita daga girman duniya, kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa da tsakiyar duniya. Daga mita suka fitar da lita, daga nauyin litar ruwa suka fitar da kilo. A 1875 ƙasashe suka sa hannu a kan yarjejeniyar mita a birnin Faris. Ƙasashen da Ingila ta mulka sun daɗe da yadi da galan da laba, sai cikin shekarun 1970 Najeriya da Gana suka koma kan mita. Shi ya sa har yau kasuwarmu take da baki biyu. Galan ma iri biyu ne, na Ingila ya ɗan haura lita huɗu da rabi, na Amurka bai kai lita huɗu ba, ga kuma jarkar nan rawaya da mutanen Gana suke kira galan ɗin Kufo, wadda ta ninka su sau da yawa.

Kada wani ya ɗauka yara da 'yan tireda kaɗai wannan yake kayarwa. A watan Yuli na 1983 wani jirgin fasinja ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Montiriyal a ƙasar Kanada zai je Edmonton, da mutum 69 a ciki. Agogon mai na jirgin ya lalace, sai aka auna man da sanda aka yi lissafi da hannu. Tafiyar tana buƙatar kilo 22,300. Lokacin ƙasar tana cikin komawa tsarin kilo, masu lissafin kuma suka ninka litocin da 1.77, wanda nauyin lita ne a laba, maimakon wajen 0.8 da yake na kilo. Laba kuwa ba ta kai rabin kilo ba. Jirgi ya tashi da ƙasa da rabin man da yake buƙata, a tsakiyar hanya injuna biyu suka mutu. Allah ya taimaka matuƙin ya iya tuƙin jirgin da ba shi da inji, ya lallaɓa ya sauke shi a wani tsohon filin soja a garin Gimli, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ƙwararru ne fa, masu takardu. Sun riƙe lambar, sun saki sunan da ke bayanta.

Mu Musulmi ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Akwai sura sukutum mai ɗauke da sunan masu tauye mudu, Suratul Muɗaffifina, kuma tun muna yara aka ba mu labarin mutanen Annabi Shu'aibu da abin da ha'incin awo ya jawo musu. Duk ƙarshen azumi kuma gardamar nan takan taso a zango, zakkar fidda kai kilo nawa ce? Sa'i ma'aunin cika ne, mudun Annabi huɗu, ba ma'aunin nauyi ba. Shi ya sa sa'in shinkafa da na gero da na garin rogo ba za su yi nauyi ɗaya a sikeli ba, kuma shi ya sa za ka ji malamai suna ba da ƙiyasi, wani ya ce kilo biyu da rabi, wani ya ce a cika uku don a fita daga shakka. Yaron da ya fahimci nauyin lita zai gane cewa malaman ba saɓa wa juna suke yi ba.

Abin da nake roƙon 'yan'uwana iyaye ba mai wuya ba ne. In yaro ya zo da irin wannan aiki, kada a kore shi. A ce ya fassara tambayar da Hausa, domin rabin yaran a wurin fassarar suke gano amsar da kansu. A hana shi faɗin lamba tsirara, in ya ce "ashirin da biyar" a ce masa ashirin da biyar na me, kamar yadda ba ma yarda mai saye ya ce "ɗari" ba tare da mun ji ɗarin sefa ce ko ta naira ba. Kafin ya taɓa kalkuleta ya yi kintace, abin nan zai fi jarkar ruwa nauyi ko ba zai kai ba? In ya gama, a tambaye shi ko zai iya ɗaukar amsar tasa da hannu, ko sai an kira kura, ko sai tirela. Ranar da ba makaranta a tafi da shi shago, 'ya mace ko namiji, a ba shi sikeli da kwalbar lita ɗaya, ya auna ruwa, ya auna mai, ya auna zuma, ya rubuta da hannunsa. Abin da hannu ya ɗaga, kai ba ya saurin mantawa.

Mun baro garuruwanmu ne domin yaran nan su fi mu. Wasu za su zama likitoci masu auna magani da mililita, inda ɗigo ɗaya a gurbin da ba nasa ba yake iya kashe jariri. Wasu za su gina gada, wasu kuma su gaji shagunanmu su riƙa sauke kwantena da sunansu. Kowanne daga cikinsu zai buƙaci wannan lissafi, kuma zai fi zama masa daram in ya fara jinsa daga bakin ubansa ko uwarsa, da harshen gida, da jarka a gabansa. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya tsare mu daga tauye mudun kowa, ya kuma tsare namu daga masu tauyewa.